Ashe da Hammata Kalangu Yake Magana

Jama'a, kalangu magana yake yi! Na san za ku ce wannan ai tsohon labari ne, tun muna yara ake faɗa mana. To, ni dai sai da na rataya shi a kafaɗata a nan Jandutsi, na matsa ya ɗaga murya, na saki ya sauke, sannan tsigar jikina ta tashi. Har yanzu da nake rubutun nan damtsena na hagu ciwo yake, kuma ko kusa ban ƙi ba.

Ni ba ɗan gidan kiɗa ba ne. Malamin makaranta ne, aiki ya kawo ni wannan yanki na Jega da Aliero da Maiyama, inda hirar kowa ba ta wuce albasa da shinkafa da farashin taki ba. Wata ranar kasuwa ina tsaye wurin mahauta, sai wani dattijo ya zo da kalangu, yara biyu na biye da shi. Bai buɗe baki ba, ya dai taɓa fata sau kaɗan. Wani mahauci da ke can nesa, bayansa ma ya ba mu, sai ya ajiye wuƙa, ya juyo yana kaɗa kai, ya zo ya danƙa wa dattijon kuɗi da tsoka guda. Na tambayi na kusa da ni, wa ya kira shi? Ya dube ni da mamaki, ya ce ai takensa aka kaɗa, kuma taken ubansa ne ya gada. A cikin hayaniyar kasuwa, da kukan awaki da ƙarar babura, mutum ya ji an kira shi da itace da fata! Daren nan ban yi barcin kirki ba.

Da na samu dattijon a zaurensa na faɗa masa buƙatata, sai da ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Malam, kai da ka saba da alli, mi za ka yi da makaɗi? Kiɗi gado na, ba a sayen shi kasuwa." Na ce, "Baba, ko ɗan abin da ya zuba ƙasa ne a bar ni in tsinta." Ina jin wannan maganar ce ta sa ya yarda. Amma kalangun da na zo dominsa ko taɓa shi bai bari na yi ba. Kuntuku ya miƙo mini, wata 'yar ƙaramar ganga mai baki ɗaya wadda jikansa ke riƙewa, ya ce in buga abu ɗaya tak, in yi ta maimaitawa, kada in ƙara, kada in rage, ko da sama za ta faɗo.

Wayyo, abu ɗayan nan! Muddin ni kaɗai nake bugawa, lafiya lau. Da zarar Baba ya shigo da kalangunsa yana zagaya ni, yana shiga tsakanin bugu da bugu, sai kunnena ya bi shi, hannuna ya bi kunnena, komai ya watse. Yaron da bai kai shiga sakandare ba yana gefe yana danne dariya. A nan na gane yadda aka gina kiɗan: babban kalangu ne mai magana, ƙaraminsa da ake kira ɗan karɓi yana amsa masa, kuntuku kuma yana riƙe da ƙasa don mai magana ya samu wurin takawa. Kamar lugude ne na mata a turmi ɗaya, kowace taɓarya da lokacin saukarta, in ɗaya ta yi gaggawa sai a gwabza. Kuma ranar da bugun kuntukun ya zauna mini, ban ma san lokacin da ya zauna ba. Na dai farga ina jin kalangu da kyau, ina jin daɗinsa, hannuna kuwa yana can yana aikinsa ba tare da na sa masa ido ba. Na kusa yin ihu.

Sai bayan haka ya kwance mini kalangu ya nuna mini cikinsa da bayansa. Itace ne da aka fafe, bakuna biyu masu faɗi, tsakiya siririya. Nasa da alilliba aka sassaƙa shi. An rufe kowane baki da fata mai laushi ƙwarai, sannan tsarkiya ta fata ta taso daga wannan baki zuwa wancan, layi-layi, ta kewaye jikin duka. Sirrin yana wurin tsarkiyar nan. Tun da tsakiyar itacen a shige take, in ka matsa tsarkiya da damtse da hammata sai ta lotsa ciki, ta ja fatun biyu su ɗame, murya ta hau. In ka saki su yi sanyi, murya ta sauka. Hannun dama da ke riƙe da lanƙwasasshen makaɗi, wanda duk 'yan kallo ke zuba wa ido, bugu kawai yake yi. Mai zancen yana ɓoye a ƙarƙashin hannun hagu.

Baba ya ce abin da baki bai iya faɗi ba hannu ba ya kaɗa shi. Don haka darasin farko gaisuwa ce, "sannu da zuwa". Ya sa na yi ta faɗa a hankali har na ji abin da ban taɓa lura da shi ba duk tsawon rayuwata ina Hausa: gaɓa biyar ce, ta farko ƙasa, ta biyu sama, ta uku ƙasa, ta huɗu sama, ta biyar ta sauko ta ɗan ja. Wato saki, matsa, saki, matsa, saki. Na gwada, abin ya fito a karkace. Na sake, na sake, sai ga wata tsohuwa da ke wucewa da ƙwaryar fura ta leƙo zauren ta ce, "Yauwa, sannunku dai." Ta amsa! Wallahi ta amsa gaisuwar da ban yi da baki ba. Baba ko gezau, ya ce in ƙara matsawa a gaɓa ta huɗu.

Tun daga ranar kunnena ya sauya. Na koma kan tsofaffin waƙoƙin da ke cikin wayata, waɗanda da muryar mawaƙin kawai nake bi. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, yanzu makaɗansa nake saurare, yadda suke sako masa magana ta ƙasa yana ɗauka. Ɗan Anace, mawaƙin ɗan dambe Shago, kalangunsa har zuga yake yi kafin baki ya ce komai. Ga kuma namu na gida, Muhammadu Gambu na Fagada a ƙasar Maiyama, wanda duniya ta sani da mai waƙar ɓarayi. Ko mutum bai yarda da waɗanda ya yi wa waƙa ba, ya saurari kiɗan nan ya ji aiki. Na kuma fara rarrabe muryar kalangu da ta kotso, wanda fuska ɗaya gare shi kuma da yatsu ake kaɗa shi, irin na Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo da Sani Aliyu Ɗandawo na Yawuri. Kotso da taushi da jauje kayan fada ne, tambari kuwa na sarki ne shi kaɗai. Kalangu na mahauta ne tun asali, daga nan ya bazu zuwa dambe da biki da dandali. Kuma yana da dangi nesa: Yarbawa na da gangan da dundun, Dagomba a Gana na da lunga, mutanen Sanagal na da tama, duka da matsa tsarkiya suke magana. David Ames da Anthony King sun tattara sunayen kayan kiɗan Hausa da sassansu a littafin da suka fitar a 1971, amma Baba ya fi littafin daɗin tambaya.

Ba kowa ya yi murna ba. Ƙasar Gwandu ce nan, ƙasar malamai, kuma akwai abokan aikina da suka ja ni gefe suna tambaya ko roƙo zan koma. Abin da ya ba ni haushi bai wuce wannan ba: mutumin da zai raina makaɗi da rana, shi ne zai kumbura in an kaɗa taken kakansa ranar biki. Yanzu ma bukukuwa da yawa lasifika ake ɗaukowa a haɗa da waya, ta yi ta ruri har dare, ba ta san ango ba, ba ta san ubansa ba.

Akwai kuma wahalhalun da ba a faɗa wa mai sha'awa. Fata tana jin yanayi: da damina ta sha raɓa ta yi sanyi, sai an shanya ta ko an ɗan kara ta kusa da wuta kafin ta yi murya, da hunturu kuma ta bushe har ana tsoron ta tsage in aka matsa da ƙarfi. Tsarkiya tana goge fatar hannu. Maƙwabta kuma suna da haƙƙi, shi ya sa nake fita bayan gari wajen fadama da la'asar.

Jiya na tambayi Baba yaushe zan fara kaɗa taken mutane. Ya ce, "Wa ka sani garin ga? In ka kaɗa ma mutum taken da ba nashi ba, ka zage shi." Ashe rabin aikin ba ya cikin ganga ko kaɗan: sai ka san wane ɗan wa ne, jikan wa ne, wace sana'a gidansu ke yi, wane take suka gada, wanne ne kuma ba a kaɗawa in abokin gabarsa na wurin. Ya ce in Allah ya kai mu jajibirin Sallah, ranar da mahauta ke wasa da sa, zan riƙe kuntuku a bayan ɗansa, da sharaɗin kafin nan in iya kawo masa sunan uba da kakan kowane mahauci da ke kasuwar. Don haka ranar kasuwa mai zuwa, in kun ga wani malami da littafi da biro yana bin rumfunan nama yana tambayar mutane sunan kakanninsu, ba jami'in haraji ba ne, ni ne.