Ƙanƙara da targaɗe

Bahaushe ya saba neman lafiya a wajen zafi. Mai jego wankan ruwan zafi take yi, mai ciwon baya gashi ake yi masa, wanda ya yi targaɗe kuwa wurin maɗori ake kai shi a ja ƙafar, a murza ta da man shanu. Shi ya sa idan malamin wasanni ya aika a sayo ƙanƙarar dala biyar domin ɗalibin da idon sawunsa ya gurɗe a filin ƙwallo, sai iyaye su ji abin banbaraƙwai.

Amma malamin yana da hujja. A targaɗe, jijiyoyin da ke ɗaure ƙashi da ƙashi ne ke miƙewa fiye da kima ko su yage, galibi na gefen waje, sa'ad da tafin ƙafa ya lanƙwashe ciki. Ƙananan hanyoyin jini su fashe, wurin ya kumbura. A kwana biyun farko, zafi da murza suna ƙara kumburin. Sanyi kuwa yana tsuke hanyoyin jini, ya kashe raɗaɗi.

A 1978 ne wani likitan Amurka, Gabe Mirkin, ya tsara ƙa'idar da ta zaga duniya: hutu, ƙanƙara, ɗauri da ɗaga ƙafa sama. A 2014 shi da kansa ya sake magana, ya ce yawan sanyi yana iya jinkirta warkewa, domin kumburi hanya ce da jiki ke bi wajen kai kayan gyara inda aka ji rauni. A yau ana ɗaukar ƙanƙara a matsayin mai rage zogi kawai. A naɗe ta cikin tsumma, a ɗora minti 10 zuwa 15, a ɗauke, a bar fata ta dawo da ɗuminta kafin a sake. Mai sikila ya guje ta, domin sanyi yana tayar masa da ciwo. Haka ma mai ciwon sukari da ƙafarsa ta daina ji.

Babban haɗarinta shi ne yaudara. Raɗaɗi ya lafa, yaro ya koma fili, alhali wataƙila ƙashi ya tsage. Tun 1992 likitocin birnin Otawa na Kanada suka ba da ma'auni mai sauƙi: wanda ya kasa taku huɗu, ko yake jin zafi in an danna bayan ƙashin idon sawu, a kai shi asibiti a ɗauki hoton ƙashi.

Sauran aikin na mai ƙafa ne: ya fara takawa a hankali gwargwadon abin da zai iya jurewa, ya riƙa gwada tsayuwa da ƙafa ɗaya har ta daina rawa. Idon sawun da ba a horar da shi haka ba, shi ne wanda ke sake gurɗewa a wasa na gaba.