Daga Kano Zuwa Wudil A Kan Babur Da Ƙafar Da Ta Tashi Daga Jinya

Hanyar Kano zuwa Wudil ba ta da nisa, kimanin kilomita 40 ce, amma ita ce ƙofar da Kano ke buɗe wa Jigawa da Bauchi da Yobe da Borno. Duk tirelar da ta ɗauko shanu daga gabas, da motar da ta nufi Maiduguri da kayan Kwari ko na Singa, nan suke bi. A gefen waɗannan manyan motoci kuwa akwai wani ayari da ba a cika lissafawa da shi ba, wato masu babura: manomi da buhun taki, da ɗalibi da jakarsa, da malamin firamare mai sauri kada ya makara. A cikin wannan ayari na shiga ranar wata Juma'a, bayan wata biyu ƙafata ta hagu tana jinya, kuma abin da hanyar ta nuna mini ya cancanci a faɗa wa masu karatu.

Aikin bincike ne yake kai ni Wudil da ƙauyukan bakin kogi, inda nake tattara kalmomin sana'a daga bakin masunta da magina tukwane. Mota ba ta shiga yawancin wuraren, shi ya sa babur ya zama abokin tafiyata. Tsautsayi ya sa na gurɗe a bakin wata kwata da daddare, ƙaramin ƙashi a gefen tafin ƙafa ya tsage. Mako shida ƙafar tana cikin filasta, sannan mako biyu ana motsa ta a hankali. Ban kusanci babur ba sai da likita ya duba hoton ƙashi ya ce ya haɗe, ya kuma sa na tsaya a kan ƙafar ita kaɗai, na yi ɗage a kan yatsu, na taka matakala ba tare da na cije leɓe ba.

Wanda bai taɓa tuƙa babur ba yana ɗauka hannu ne ke yin aikin duka. Ga yadda rabon yake a irin baburan da suka cika titunanmu, kamar Bajaj Boxer: hannun hagu yana riƙe kuloci, hannun dama yana murɗa totur yana kuma matse birkin gaba, ƙafar hagu tana sauya giya, ƙafar dama tana taka birkin baya tana kuma buga kik. Idan an tsaya, ƙafa ce ke tallafe nauyin mutum da na ƙarfen da ya haura kilo 100. Saboda haka ciwon kowace ƙafa da irin haɗarinsa. Mai ciwo a hagu zai kasa rage giya a kan kari, mai ciwo a dama kuwa zai yi jinkirin taka birki, jinkirin daƙiƙa ɗaya kuma a gudun kilomita 50 a sa'a yana nufin babur ya ƙara cin kusan mita 14 kafin ya fara tsayawa.

Na fito ta Hotoro da sanyin safiya. Cikin gari shi ne babbar jarrabawar ƙafar hagu, domin tsakanin danja da cunkoson A Daidaita Sahu sai mutum ya sauya giya sau da dama kafin ya ci kilomita guda. Kano ta daɗe da sauya fuska ta wannan fanni. Tun da gwamnati ta hana acaɓa a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, babur mai ƙafa uku ya gaje titi, mai ƙafa biyu kuma ya koma neman ratse a tsakaninsu. Na sa takalmi sau-ciki mai tauri wanda ya rufe idon sawu, na kuma ɗaga ƙarfen giya kaɗan a wurin bakanike domin yatsu su shiga ƙarƙashinsa ba tare da na lanƙwasa ƙafar da yawa ba. Duk inda na tsaya, ƙafar dama nake saukewa, in riƙe babur da birkin gaba.

A Mariri, inda kasuwar goro take, ƙamshin ganyen da ake naɗe huhu da shi yana cakuɗe da hayaƙin tireloli. Nan hanya take fara buɗewa, nan kuma yashi yake fara kwanciya a gefen kwalta, daidai layin da manyan motoci ke tilasta wa mai babur ya bi. Birkin gaba shi ne mafi ƙarfi wajen tsayar da babur a busasshiyar kwalta, amma a kan yashi matse shi da ƙarfi yana zame tayar gaba nan take, sai mutum ya dogara da birkin baya da kuma ƙafar da zai dafa ƙasa. Wannan ya sa duk mai cewa zai yi tafiya da birki ɗaya saboda ƙafarsa na ciwo, bai san hanyar Wudil ba.

Bayan Mariri gonaki suka ɗauka dama da hagu, dawa da gero an girbe, an jingina karan a jikin itatuwan ɗorawa. A Makole na sauka domin in huta da ƙafar, don bayan rabin sa'a a rataye takan soma kumburi. A ƙarƙashin rumfar mai shayi na tarar da wani matashi da ke jigilar kaya da babur zuwa ƙauyuka. Ƙafarsa ta dama tana naɗe da tsumma da karare irin na masu ɗori, silifa kuma a ɗaya ƙafar kawai.

Na ce, “Samari, da wannan ƙafar kake taka birki?”

Ya yi murmushi ya ce, “Malam, da dunduniya nake ɗan taɓawa. Babur ɗin ba nawa ba ne. In ban kai balas da yamma ba, gobe wani za a ba.”

Na tambaye shi ciwon fa, sai ya taɓa aljihu ya ce yana shan ƙwaya. Wannan amsa ta fi ƙafar tayar mini da hankali. Ciwo ɗan aike ne da ke sanar da mutum cewa ƙashi bai shirya ba. Magungunan kashe ciwo masu ƙarfi irin su Tramadol suna rufe bakin ɗan aiken, suna kuma kawo gyangyaɗi da nauyin jiki, ga shi tuƙi cikin mayen ƙwaya laifi ne a doka. Na gaya masa haka da iyakar taushin da zan iya, na kuma san cewa shawara ba ta biyan balas. Masu ba da babura haya su ma suna da rabo a wannan alhaki, domin hutun mako uku da za su ɗaga wa yaro ya fi musu sauƙi a kan babur da ya shige ƙarƙashin tifa.

Dokar hanya tana neman abubuwa sanannu daga mai babur: lasin rukunin A, da lambar rajista, da inshorar da ke biyan wanda aka yi wa ɓarna, da hular kwano ga direba da wanda ya goya. Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta sa hular ne a farkon 2009, lokacin da wasu 'yan acaɓa suka riƙa kifa ƙwarya a ka don su yi wa dokar ba'a. Ginshiƙin duka shi ne direba ya mallaki abin da yake tuƙawa, kuma tuƙin ganganci laifi ne. Wanda ya hau titi da ƙafa cikin filasta ya buge mai tafiya a ƙasa, filastar nan ita ce shaida ta farko a kansa. Ga wanda lalurarsa ta zama ta dindindin kuwa, akwai lasin rukunin J na masu buƙata ta musamman, kuma a Kano kowa ya saba ganin babura masu ƙafa uku da maƙeranmu suka mayar da giyarsu da birkinsu hannu. Akwai kuma ƙananan baburan da ke sauya giya da kansu, birkinsu duka biyu a hannu. Roba-roba ba ya cikinsu, domin ko da ba shi da kulocin hannu, ƙafa ce ke sa masa giya.

Da na wuce Makarantar Horar da Manyan Jami'an 'Yan Sanda, sai ga gadar Wudil. Daga samanta kogin yana shimfiɗe da faɗi, ruwan Kogin Kano da ya ratso madatsar Tiga haɗe da na Challawa, yana gangarawa Haɗeja, daga can ya nufi Tafkin Cadi. Masu kwale-kwale suna ɗebo yashi, masu wanki sun shanya kaya a kan rairayi, tukwane da randuna jajaye suna jere a bakin hanya. Da yake ranar kasuwar kara ce, garin ya cika maƙil da shanu da dillalai da ɗaliban Jami'ar Aliko Dangote. Na kafe babur a gindin wata bishiya, na ƙarasa cikin kasuwa a ƙafa, domin kutsawa tsakanin ƙahonni da kwatami aiki ne na mai ƙafa biyu lafiyayyu.

Asibitin Ƙashi na Dala yana aiki tun 1959, kuma duk wanda ya taɓa zuwa dubiya can ya ga samarin da babur ya kwantar. Ga ɗalibaina da sauran masu karatu da ke da ciwo a ƙafa, ga abin da za su auna kafin su buga kik: likita ya sallame su, ƙafar ta shiga takalmi mai rufi, ta ɗauki nauyinsu ita kaɗai, ta taka birki ko giya da ƙarfi sau goma a jere babur na kashe, kuma ba su sha maganin da ke sa barci ba. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya gaza, motocin Wudil suna nan suna lodi tun asuba, kuɗin kujera ɗaya kuma bai kai na ɗori na biyu ba.