Kukar da Nake So Mu Gina wa Ƙannenmu



Duk wanda ke zaune a Shuwak ya san inda yara suke nufa in an tashi daga karatu: ko bakin kogin Atbara, ko gefen titin da manyan motoci ke bi tsakanin Gadarif da Kasala. Kogin nan daga duwatsun Habasha yake gangarowa, da damina yakan ƙaru ko ba a yi ruwa a nan ba. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 kuma, 'yan gudun hijira suka sauka jiharmu, yara sun ƙaru amma wurin wasa bai ƙaru ba. Tsawa da bulala ba sa raba yaro da wasa, sai dai a ba shi wurin da ya fi kogi daɗi.

Shi ya sa na zana wani abin wasa a bayan littafina, mai siffar kuka, wadda a nan ake ce wa tabaldi. Da na nuna wa malaminmu, ya ce surar abu mai rai ce ake gudu a sassaƙa, amma ta itace ba laifi. Kuka kuma tamu ce gaba da baya: mu muna miya da ganyenta, maƙwabtanmu suna jiƙa 'ya'yanta su sha. A Kurdufan ma cikinta ake rarakewa a tara ruwan sama don rani.

Tawa kukar da jan bulo za a gina ta, tsayinta kada ya wuce mita 2. Cikinta rami ne mai ƙofa biyu, yaro ya shiga nan ya ɓullo can. A jikinta a bar matakai na hawa. Rassanta na itace mai ƙwari, a ɗaura musu lilo da igiyar kaba. A rataya duma mai tsakuwa a ciki kamar 'ya'yan kuka, in an ja igiya ya yi ƙara. Saiwoyinta kuwa tsofaffin tayoyin tarakta ne, waɗanda ke yashe a gonakin dawa da riɗi, a binne rabinsu yara su riƙa tsallakewa. Gefe ɗaya a share wa 'yan mata filin carafke da gaɗa.

Abu biyu na fi yi wa tunani. Na farko ƙasarmu. Baƙar lakar nan tana kumbura da damina, ta tsattsage da rani, har ta fasa gini. Don haka sai an haƙa tushe mai zurfi an zuba dutse da yashi, a kuma shimfiɗa yashi kewaye saboda mai faɗuwa. Na biyu rana. Ƙarfe a watan Afrilu, wallahi ko babba ba ya iya dafa shi. To, ban da ƙarfe inda hannu ke taɓawa. A kafa rumfa, a dasa dogon yaro da kuka ta gaskiya a kusa.

A ƙarƙashin rumfar nake so a yi gurbin dara. Ka ga, in dattawa suna zaune suna dara, ai ido yana kan yara ba tare da an ɗauki mai gadi ba. Yaron unguwa da yaron da ya zo gudun hijira kuma lilo ɗaya za su jira, a nan za su saba.

Roƙona ga iyayenmu shi ne, bayan an gama girbi a kira gayya, wato nafir. Mai bulo ya kawo bulo, mai taya ya kawo taya, magina su duba zanen su gyara inda ya kamata. Ɗebo yashi da ruwa kuwa, mu ɗalibai mun ɗauka.

Allah Ya raya mana ƙannenmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.