'Ya'yan Bagadaza: Makarantu Sun Yawaita, Karatu Fa?

Duk wanda ya tsaya a bakin hanya a Bagadaza, cikin garin Gombe, da misalin ƙarfe bakwai da rabi na safe, zai ga yadda yaran unguwa ɗaya suke rabuwa. Waɗansu a cikin Keke Napep za a kai su makarantun kuɗi, waɗansu a ƙasa sun nufi na Gwamnati, ga kuma masu tire a ka. Idan suka kai shekara 15, aka miƙa musu jarida, sai mutum ya rantse ba gari ɗaya suka tashi ba.

Wannan rata ba yau ta soma ba. A cikin watan Satumba na 1976 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa, watau UPE, lokacin Gombe tana cikin Jihar Bauchi. Yara suka yi tururuwa fiye da yadda aka ƙiyasta, aka horar da malamai cikin gaggawa, amma duk da haka ɗan Hakimi da ɗan leburan kasuwa sukan zauna a benci guda. Da farashin man fetur ya faɗi, aka kuma shigo da shirin tsuke bakin aljihu a 1986, sai albashin malami ya daina riƙe gida, masu hali suka fara janye 'ya'yansu. A nan ne aka yi babbar asara, domin ranar da ɗan babban ma'aikaci ya bar ajin, ranar ce ajin ya rasa wanda zai yi magana a saurara in rufi ya yaye ko malami ya yi wata bai zo ba.

An ƙirƙiro Jihar Gombe a 1996, shirin UBE ya biyo baya a 1999, sa'an nan rikicin Borno da Yobe ya koro dubban iyalai zuwa garin. Unguwanni suka cika, azuzuwa suka cika.

Mai duban sakamakon jarrabawar WAEC kaɗai yana iya cewa ai an ci gaba. A 2014 kashi 31 cikin 100 ne suka sami kiredit biyar har da Turanci da Lissafi a ƙasa baki ɗaya, a 2021 kuwa sun zarce kashi 81. To, amma su wa suke zauna wa jarrabawar? Yarinyar da aka cire tun tana aji biyu na ƙaramar sakandare ba ta cikin wannan ƙidaya, balle almajiri. Binciken gida-gida da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2021 ya fi faɗin gaskiya: a cikin yara 'yan shekara 7 zuwa 14, kimanin ɗaya cikin huɗu ne kawai yake da tushen karatu, haka nan a lissafi, kuma 'ya'yan masu hali sun yi wa na talakawa nisa ƙwarai.

Lamarin lissafi shi ya fi ban tausayi. Saurayin da yake taya mahaifinsa ciniki yana ba da canjin Naira dubu biyar ba ya kuskuren ko sisi, ya san ribar buhun masara tun kafin a sauke shi daga mota. A rubuta masa wannan tambaya da Turanci a kan takarda, sai ya yi zuru. Ba ƙwaƙwalwa ya rasa ba, harshen ne ya tare masa hanya. Manufar ilmi ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen da yake ji, amma littattafan ba su isa azuzuwa ba. Ɗan mai hali yana da malamin lesin da yamma da zai cike masa wannan giɓi, shi kuwa ɗan talaka sai a yi ta tura shi aji na gaba, domin ba a so a ce makaranta ta kayar da yara.

A 2019 Gwamna Muhammadu Inuwa Yahaya ya kafa dokar ta-ɓaci a kan ilmi, aka kuwa gyara gine-gine. Sai dai gini yana ƙirguwa, karatu ba a cika auna shi ba. Ƙasashe da dama, har da Maroko, suna shiga gwajin PISA wanda tun 2000 yake auna 'yan shekara 15 tare da duba halin gidajensu. Nijeriya ba ta taɓa shiga ba.