Injin da na sa matan citta suka saya

A kakar citta ta 2022, ni na matsa wa wata ƙungiyar mata manoma a wani ƙauye kusa da Kwoi, cikin ƙaramar hukumar Jaba, suka zuba kuɗin adashinsu a injin yanka citta. Ni ke riƙe musu littafin lissafi, don haka da na yi magana babu wadda ta ja. Na ɗauki kawaicinsu a matsayin amincewa.

Tausayi ne ya kai ni, ko kuma haka nake faɗa wa kaina. A Jaba da Kachiya da Kagarko, citta ba ta zama kuɗi sai ta bi ta hannun mace. Ita ke ɗauko ganyen rufe gona a ka bayan shuka a watan Afrilu ko Mayu, ita ke cire ciyawa da hannu. Idan aka tono ta wajen Nuwamba kuwa, sai aikin tsaga ya tashi. Mace za ta zauna a ƙasa, ƙafafu miƙe, tulin citta a gefe, ta riƙa raba kowace saiwa biyu a tsaye da ƙaramar wuƙa, daga hantsi har la'asar. Cittar da ake kira tafin giwa tana da kauri, tana tsaguwa da sauƙi. Yatsun biri kuwa siririya ce, wuƙa na zamewa ta sami babban yatsa, ruwan citta ya shiga yankan, ga kaushin hunturu. Na ga matar da ta naɗe yatsu uku da tsumma tana ci gaba da aiki, don da buhu ake biyanta.

Injin ya iso, ya yi ta ruri, ya yanka cittar a kwance, fale-fale. Dillalai suka duba suka yatsina fuska. Tsagaggiya suka saba saya, ita 'yan kasuwar waje suka sani, saboda haka suka karya farashi. Ga shi tayar da injin sai an ja igiya da ƙarfi, in ya tsaya sai bakanike, dole aka ɗauki wani saurayi ana biyansa. Ladan tsaga da ke shiga hannun mata, musamman waɗanda mazansu suka rasu ba su da gonar kansu, ya koma aljihun namiji. Wannan ban taɓa sa shi a lissafi ba, ni mai lissafi. A Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur, man injin ya yi tsada, a daminar kuma cutar ruɓewa ta cinye gonakin citta a Kudancin Kaduna. Lokacin da matan suka fi bukatar ajiyarsu don sayen iri, tana kwance cikin ƙarfe.

Da na je ba da haƙuri, babbarsu ba ta ɗaga murya ba. "Ɗana, da ka tambaye mu, da tamfol muka ce."

Sai ta zayyana mini. A kan dutse ko gefen titi suke shanya, yashi ya shiga, awaki su tattake, raɓa ta sauka, cittar ta yi fumfuna, ita ce kuma ke sa masu saye a Turai su ƙi kaya. Bayan tamfol, suna son rumfa, kujera 'yar tsugunno saboda ciwon baya, safar hannu, dutsen wasa wuƙa, da ruwa kusa don wanke citta. Duka-duka ba su kai kuɗin injin ba.

Ba na ƙin inji. Akwai mai tsagawa a tsaye, kuma mata za su iya sarrafa shi idan su aka koya wa. Amma ku masu rabon kayan tallafi, kafin ku rubuta takardar saye, ku je wurin shanya ranar tsaga, ku zauna a ƙasa tare da su, ku bar su su fara magana.