Zamanin da Daji Yake da Masu Shi

Turawan da suka ratsa ƙasar Hausa suna rubuta labarin tafiya sun iya lissafin namun daji: giwa kaza a fadama, garken ɓauna a bakin kogi. Mutumin da ke gaba yana nuna musu sawu kuwa, da wuya a ambaci sunansa. Wannan yana damuna, domin dajin da suka gani yana da masu shi.

Maharbi ba ƙaramin mutum ba ne a tarihinmu. Littafin tarihin Kano ya ce Barbushe na Dutsen Dala da sanda yake kashe giwa, ya ɗauko ta a ka. Bauchi ma, a bakin mutanenta, daga wani maharbi mai suna Baushe ta samo suna. Gari yana da Sarkin Baka, kuma ba a faɗa wa daji haka kawai. A Tibirin Gobir, sai an kawar da amfanin gona an yi Buɗin Daji tukuna a saki farauta. Da damina, lokacin da ciyawa ta rufe sawu, kowa yana gona, namun daji su sami sararin hayayyafa.

Aikin kansa ilimi ne. Maharbi zai ɗaura kan burtu a goshi, ya durƙusa, ya riƙa tafiya yana kaɗa kai kamar tsuntsun yana kiwo, har ya kusanci gwanki ko kanki ba su tsorata ba. Dafin kibiyarsa daga 'ya'yan kwankwani ake dafa shi, kuma kowane gida da sirrin haɗinsa. Ya san inda iska ta dosa, ya san kashin mariya daban da na mazo, ya san tsamiyar da ba a kwana a gindinta. Kibiya ɗaya, nama ɗaya. Kafin ya sake ɗana baka, sauran garken sun yi nisa. Yaro yakan yi shekara da shekaru yana ɗaukar wa ubansa kwari kafin a bar shi ya yi harbi.

Abin bai lalace rana ɗaya ba. Annobar shanu ta wajen 1890 ta kwashe ɓauna tare da shanun Fulani. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta yi kuɗi, aka yi ta sare daji ana gona. Bindiga ta yawaita, ta shiga hannun wanda bai taɓa koyon dokar daji ba. Fari na 1973 da na 1984 suka ƙarasa. Da gwamnati ta keɓe Yankari a 1956, ta ceci giwaye, kuma abin a yaba ne. Amma maharbin da ya gaji wurin sai ya wayi gari ana kiransa ɓarawon nama, ba wanda ya zauna ya rubuta abin da ke kansa. Raƙumin dawa ya ƙare ƙaf a Najeriya, a Nijar kuma bai fi hamsin ba a yankin Kure a 1996, kafin manoman Zabarmawa da gwamnati su tsaya masa ya sake yawa.

Yau in an ambaci dajin Rugu, Kamuku ko Sambisa, ba gwanki ke zuwa zuciyar mutum ba. Jikokin maharban suna nan da layunsu da baƙaƙen rigunansu, sai dai aikin da ake kiransu ya canja. A 2014, su ne suka shiga gaba tare da sojoji aka ƙwato Mubi daga hannun Boko Haram.