Teddy Osei Kafin Duniya Ta San Osibisa

Idan waƙar Osibisa ta tashi a rediyon mai shayi a nan Zango, tunanina yakan tafi kan Teddy Osei. A Kumasin nan aka haife shi. Yana saurayi ya kafa ƙungiyar Comets, yana busa saksofon, ƙanensa Mac Tontoh na busa kakakin Turawa, suna kiɗan hailaif.

A 1962 ya tafi Landan. Gwamnatin Nkrumah ta ɗauki nauyin karatunsa na kiɗa, sai juyin mulkin 1966 ya katse tallafin. Nan ne labarin ya fi taɓa ni, domin mu jikokin fataken goro mun san zafin ƙarewar guzuri a ƙasar wasu. Bai karaya ba. A 1969 ya jawo Mac da makaɗin ganga Sol Amarfio, suka haɗu da 'yan Karibiyan uku, da ɗan Najeriya Lasisi Amao, suka kafa Osibisa, suka gauraya gangunan gida da jitar rok.

Faifansu na farko ya fito a 1971, da hoton giwaye masu fukafuki a bangonsa, ya kuma samu karɓuwa sosai a Ingila.